Wuri Biyar da Ɗan Bakin Teku

Kafin in shiga labarin, ya kamata in faɗi inda na samo shi, domin ba dukansa na gani da idona ba.

Madogarata huɗu ce. Ta farko bakin kakata, mahaifiyar mahaifiyata, wadda muka zauna gida ɗaya da ita a unguwar Mahjar, kudancin Jidda, tun haihuwata har rasuwarta. Da Hausa take magana, ni kuwa a lokacin ina jin Hausa fiye da yadda nake iya mayarwa, saboda haka mai yiwuwa wasu kalmominta sun sauya a kunnena. Ta biyu mahaifiyata, wadda muke kira Umma. Ta uku ƙanwarta, Khala, da ke aure a unguwar Waziriyya. Su biyun sun saɓa a kan muhimmin abu guda, zan nuna shi idan na iso kansa. Ta huɗu littafin da nake rubuta aune-aune a ciki tun ina jami'a. Shi kaɗai ne rubutacce, kuma shi ne ya fi ƙarancin amfani.

Game da lokaci, abin da ya faru a hannuna ya faru a watan Shawwal, 'yan makonni kafin ambaliyar da ta auka wa Jidda a ƙarshen 2009, watanni kaɗan bayan na kammala karatun ilimin halittun teku. Wannan na tabbata. Shekarar da Kaka ta ƙetare teku kuwa ban san ta ba. Ta ce ba ta tarar da ganuwar Jidda ba, ganuwar kuma an rushe ta a 1947. Iyakar abin da zan iya cewa shi ne bayan wannan shekarar ta iso, kuma kafin haihuwar Umma da shekara uku ko huɗu. Maganganun da na sa a bakin mutane na rubuta su yadda na tuna. Ban ce babu kalmar da ta goce ba.

Kaka tana da wata 'yar jakar fata, baƙa saboda tsufa, wadda ba ta kai tafin hannu ba. A cikinta akwai wuri biyar, irin na kuɗin da, da wani abu na shida. Ta gaya min cewa ranar da za su bar ƙasar Damagaram, ita da mijinta na fari, da niyyar aikin Hajji a ƙafa, mahaifiyarta ta damƙa mata 'yan wuri ta ce: duk haihuwa ki ware ɗaya. Idan ɗan ya rasu, ki goga bayan wurinsa a kan dutse har ya huje. Ban san ko al'adar garinsu ce ko ta gidansu kaɗai ba. Na tambayi tsofaffin Damagarawa biyu a Balad, tsohon cikin garin Jidda, ɗaya ya ce ya taɓa ji, ɗaya ya ce bai taɓa ba.

Cikin wuri biyar ɗin, uku hudaddu ne. Biyu daga cikinsu na 'ya'yan da ta binne a hanya, ɗaya a ƙasar Chadi, ɗaya a gonakin audugar Sudan inda suka yi shekaru suna ƙwadago. Na uku na wata jaririya da ta haifa a nan Jidda bayan ta sake aure. Biyun da ba a huda ba na Umma ne da Khala.

Na shidan bai yi kama da sauran ba. Ƙarami ne, bai wuce ƙwayar wake ba, kuma maimakon santsi irin na wuri, bayansa yana da zane-zane a kwance kamar haƙarƙari. Shi ne na kawuna, ɗanta na uku, wanda ba wanda ya taɓa gani a cikinmu. Ba a huda shi ba.

Ga yadda abin ya kasance, gwargwadon abin da bakunan uku suka haɗu a kai. Sun iso Sawakin, a gaɓar Sudan, da yaron a goye, bai daɗe da yaye ba. A can zazzaɓi mai zafi ya kwantar da Kaka har ba ta san inda kanta yake ba. Ba ta tuna shigarsu sambuk, jirgin katakon da ya ƙetare da su, ba ta tuna saukarsu. Ta farfaɗo a ƙarƙashin wata rumfa a hanyar Makka, ta laluba bayanta ba goyo. Mijinta ya buɗe tafinta ya sa mata wannan ɗan abin, ya ce yaron yana hannun wata mata mai kirki a bakin teku, tana da akuya mai nono. Ya ce ya ɗaura wa yaron wurinsa a wuya, wannan kuwa a ƙofar bukkar matar ya tsinta, ta riƙe a madadinsa. Idan sun sauke farali za su koma.

Ba ta tambaye shi wane bakin teku ba. Shi zai ja gaba idan za su koma, me zai sa ta tambaya? Ya rasu a kwanakin Mina.

A nan Umma da Khala suka rabu. Umma ta ce a gefen Sudan aka bar shi, domin masu jirgi ba za su ɗauki mace a sume da yaron da ba mai riƙe shi ba. Khala ta ce a gefen nan ne, can kudu da Jidda inda irin waɗannan jiragen ke sauke mutane, domin Kaka ta taɓa ce mata tana jin kamar ta ji kukansa alhali ruwa na jijjiga ta. Umma ta ce wannan mafarkin zazzaɓi ne. Kaka da kanta ba ta taɓa ɗaukar ɓangare ba. "Bakin teku," abin da take cewa ke nan.

Saboda shi ta ƙi zama a Makka. Ta sauko Jidda, ta yi shekaru tana sayar da gyaɗa da garin kuka a gefen titi a Balad, ta inda masu saukowa daga tashar jiragen ruwa ke wucewa. Duk wanda ta ji yana Hausa sai ta tambaye shi ko ya ga wani yaro mai wuri a wuya. Umma ta ce har yaron ya kai shekarun da ya isa ya aurar da 'ya, tambayar ba ta canza ba: yaro mai wuri a wuya.

Abin da na gani da idona shi ne na safiyar Juma'a. Bayan sallar asuba takan shimfiɗa farin ƙyalle a cinyarta ta zazzage jakar. Idonta ya riga ya yi rauni tun ina firamare, da yatsu take gane su. Hudaddun takan roƙa musu rahama. Na Umma da na Khala takan roƙa musu lafiya da zaman aure. Sannan ta ɗauki ƙaramin, ta daɗe tana murza shi da babban yatsa. Addu'arsa tana tafiya da shekarunsa. Ina yaro nakan ji tana roƙon Allah ya shirya masa zuri'a. Da na shiga jami'a sai na ji ta fara cewa Allah ya sauƙaƙa masa ciwon gwiwa, domin a lissafinta ya kai shekarun da gwiwa ke damun namiji, kuma ubansa ya yi fama da ita.

Tsakanina da ita akwai wasan jika da kaka. Maigida take ce min, ni kuma in ce mata Amarya. Ranar da na kawo takardar shaidar kammala karatu, ta shafa ta ciki da baya ta ce, "Maigida, wannan ce cefanen? Shekara huɗu kana fita da sassafe, abin da ka kawo min ke nan? Ko kifi ɗaya babu?"

Na ce, "Amarya, ai ni sunayen kifi na karanta, ba kamunsu ba."

"To, Allah ya ba mu haƙuri. Mazan wasu na kawo kifi, nawa ya kawo sunansa. Yalla, zauna ka ci tuwo, ko shi ma sunansa za ka ci?"

A shekarar ƙarshe ta karatu na gane mene ne ɗan abin nan na shida. Ba wuri ba ne, danginsa ne: ɓawon wata ƙaramar katantanwar teku da ke zama a ƙarƙashin duwatsun murjani, tana cin wasu halittu masu laushi da ke manne a jikinsu. Idan tana raye takan lulluɓe ɓawon da naman jikinta, kamar yadda wuri ke yi. Irinta suna da yawa, sun yi kama da juna ƙwarai, kuma ana bambanta su da ƙirga zanen baya da haƙoran bakin ɓawon, da duba ko akwai tsagi a tsakiyar bayan. Sai wani tunani ya shige ni, ya hana ni sakat. Na ce idan na gano ainihin irin wannan, na kuma duba a wace gaɓa ake samunsa, zan iya raba gardamar Umma da Khala. Zan iya ce wa Kaka: ga gefen da aka bar ɗanki. Daga nan sai a san inda za a fara cigiya.

Dole in faɗi gaskiya a nan. Tun a lokacin ya kamata in san cewa Bahar Maliya siririn teku ne, kuma mafi yawan irin waɗannan halittu suna zaune a gaɓoɓinsa biyu. An koya mana wannan. Na sani, amma na ajiye sanin a gefe, domin ina son in zama wanda ya kawo amsa.

Ranar Talata bayan la'asar na same ta a tsakar gida tana tsince wake da laluben hannu. Na zauna na yi mata bayani a Hausata mai ɗingishi, ina cike giɓi da Larabci.

Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Wato takardarka ta san inda ɗana yake."

"Ba haka na ce ba, Kaka. Cewa na yi mai yiwuwa ta nuna gefen da aka tsinci wannan."

"Mai yiwuwa. Kai kullum mai yiwuwa. Ko an tambaye ka ka ci abinci sai ka ce mai yiwuwa."

Umma tana bakin murhu, ta ɗago ta ce, "Ka bar mata abinta. Khalas, abin da ya wuce ya wuce."

Kaka ta juya wajen muryarta. "Wa ya ce miki ya wuce?"

Umma ta koma kan girkinta. Kaka ta goge hannunta a zani, ta ciro jakar daga ƙugunta, ta laluba ta fito da shi. Ba ta sake shi nan da nan ba. Muka riƙe shi tare na ɗan lokaci, yatsunta a kan nawa.

"Bai taɓa kwana a wani hannu ba," in ji ta. "Ka dawo min da shi kafin Juma'a, Maigida. Kada ka sa shi a ruwan sanyi, ba ya so."

Ban gane ko ɓawon take nufi ko yaron ba, ban kuma tambaya ba.

Washegari, Laraba, da hantsi, na zauna a teburina kusa da taga. Abin da na rubuta a littafin aune-aune yana nan: tsawo milimita tara, faɗi shida da ɗan wani abu, launi ruwan ƙasa-ƙasa, mai yiwuwa fari ne a asali. Na ɗauke shi hoto ta sama da ta ƙasa. Da na sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma sai na ga matsala. Man hannu da hayaƙin turare da ƙurar shekaru sun cike tsakanin zanen, ba ya ƙirguwa. A tsakiyar bayan kuwa, inda babban yatsanta ke sauka, zanen ya shafe sarai, ba a gane ko akwai tsagi ko babu.

Ban sa shi a ruwan tsami ba, na san zai cinye shi. Ban goge shi da buroshi ba. Na yi abin da nake ganin shi ne taka-tsantsan: na ɗauki allurar ɗinki daga gwangwanin Umma, na fara sakace dattin layi-layi daga gefe. Na ƙirga goma sha ɗaya. Rubutun ya tsaya a nan, a kan goma sha ɗaya. A layi na sha biyu na hau tsakiyar bayan ina neman alamar tsagin. Ban yi la'akari da cewa yatsan da ya shafe zanen ya kuma cinye kaurin ɓawon ba. Ban danna ba, ko kuma ban ji na danna ba. Allurar ta nutse. Wani ɗan gutsure ya faɗa ciki.

Ramin bai kai kan ashana ba. Amma yana tsakiyar baya, daidai inda sauran ukun suke da nasu.

Na daɗe a zaune. Ina jin Kaka a tsakar gida tana faɗa da kyanwar maƙwabta, tana ce mata marar iƙama, wato marar takardar zaman ƙasa.

A ranar da yamma na buɗe littattafan da ya kamata in fara buɗewa tun kafin in taɓa allura. Da hoton da na ɗauka da siffar bakin ɓawon, na kusan tabbata irin nan ne wanda sunansa a littattafan kimiyya ke nufin ƙwayar shinkafa. Na ce na kusan tabbata, ban ce na tabbata ba. Amma ko shi ne ko waninsa cikin makusantansa, amsar ɗaya ce: ana samunsu a gefen Sudan, ana samunsu a gefenmu na Hijaz. Da na ƙirga zanen har ƙarshe ba tare da ɓarna ba, da ba abin da zan ƙara wa Kaka.

Ranar Alhamis ba aiki a nan, hutun mako ne. Na ari motar mijin Khala na ce zan je duba wani aboki, na nufi gaɓar kudu, bayan an wuce masana'antu, inda ruwa ke tara ɓaraguzan murjani da ɓawo a layi ɗaya. Daga safe har bayan azahar ina durƙushe ina tankaɗe yashi da yatsu. Na sami guda uku. Biyu sun farfashe, ɗaya lafiyayye, kuma da na auna shi tsawonsa bai bambanta da nata ba sai da kaɗan. Fari ne tas, zanensa kaifi-kaifi.

A mota na zauna da su biyun a tafina, tsohon da sabon. Na san abin da ya kawo ni. Zan iya jiƙa sabon a shayi ya yi duhu, in goga bayansa da ƙyalle da man zaitun har ya yi laushi. Idonta ba ya gani. Na gaya wa kaina cewa yatsanta zai gane, ba yadda za a yi kwana ɗaya ya kwaikwayi murzar shekara hamsin da wani abu. Wannan dalili ne mai kyau, kuma mai yiwuwa gaskiya ne. Sai dai ba shi ya hana ni ba. Abin da ya hana ni shi ne ban iya jure a ce na sa abu a gurbin da ba nasa ba, na bar tsohuwa tana addu'a a kan ɓawon da ni na tsinta ranar Alhamis. A lokacin na ɗauki wannan a matsayin riƙon amana. Yanzu ban san sunan da zan ba shi ba.

Na yi niyyar gaya mata da yamma. Na shiga ɗakinta bayan magariba na tarar da maƙwabta biyu sun zo hira, ana ta dariya. Ta miƙo hannu ba tare da ta katse maganarta ba, na sa mata shi a tafi, ta jefa a jaka ta ɗaure. Na ce a raina da safe zan riga ta. Na makara da minti kaɗan. Da na dawo daga masallaci ta riga ta shimfiɗa ƙyallen.

Na tsaya a bakin ƙofa. Ta bi hudaddun uku, ta bi na Umma da na Khala. Ta ɗauki ƙaramin, babban yatsanta ya hau bayansa, ya tsaya. Ta sake shafawa. Ta kai shi bakinta ta taɓa da harshe. Sannan ta ajiye shi a hankali, ba a gefen da ta saba ba, a gefen ukun.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce, ba da ƙarfi ba. "Maigida, kai ne a tsaye?"

"Ni ne, Kaka."

"Wace rana?"

Na durƙusa a gabanta. Na ce, "Kaka, ba labari ne ya zo ba. Ni na huda shi. Ina share shi da allura, hannuna ya goce. Laifina ne. Ba abin da ya sami kowa."

"Na ji. Wace rana?"

"Laraba."

"Da wane lokaci?"

"Da hantsi. Kaka, ki saurare ni, wallahi allura ce kawai. Allurar Umma, ta cikin gwangwani."

"Na san allura ce, ai ba ƙaho gare ka ba." Ta ɗora yatsa a kan ɓawon. "Abin nan ya faɗi a kasuwar Balad, jaki ya bi ta kansa. Uwarka tana rarrafe ta taɓa sa shi a baki, da yatsa na zaƙulo shi. Gobarar da muka yi a tsohon gida, jakar nan ta ƙone ta gefe guda. Bai huje ba. Sai ranar Laraba da hantsi, a hannun yaron da ko ƙwai aka ba shi sai ya auna shi kafin ya fasa. Kai ka aiki allurar?"

Na ce mata ɓawon ya yi siriri ne saboda murza, ko wa ya taɓa shi zai huje. Na ce babu wata alaƙa tsakanin ɓawon katantanwa da ran mutum. Na faɗi wannan da Larabci, domin Hausata ta ƙare. Ta bar ni na gama.

"Ya yi siriri," ta ce. "Ai shi ma ya yi. Shekarunsa nawa? Tashi ka kira min uwarka."

Ta sa aka yi zaman makoki na kwana uku. Umma ta ƙi da farko, ta ce ba a yi wa mai rai makoki, kuma ba wanda ya ga gawa. Kaka ta ce, "Na biyun farko ma ke kin ga gawarsu?" Aka shimfiɗa tabarmi, aka dafa shayi da gahawa, matan unguwa suka zo. Wasu ba su taɓa sanin tana da ɗa namiji ba. Suna tambayar a ina ya rasu, tana cewa a bakin teku. Suna tambayar ko ya yi jinya, tana cewa gwiwa ce ta daɗe tana damunsa. A rana ta uku aka toya waina aka raba sadaka, ni na kai ta ƙofar masallaci. Maza suna ba ni hannu suna cewa Allah ya jiƙan kawunka, ina amsawa da amin, domin ban san abin da zan ce ba wanda ba zai tozarta ta ba.

Ba ta yi fushi da ni ba, ko sau ɗaya. Da ta yi, da ya fi min sauƙi. Ta ci gaba da kira na Maigida. Abin da ya canza kaɗan ne, sai wanda ya san ta zai lura. Addu'ar Juma'a ta gajarce. Ta daina tambayar Khala ko an ga sababbin baƙi daga Sudan a Waziriyya. Kujerarta da ke fuskantar ƙofar gida tun ina yaro, ta sa aka mayar da ita cikin ɗaki, ta ce iska na damunta. Ranar ambaliya, da ruwa ya shigo tsakar gida muna ta kwashe kaya, Umma ta ce mata ina jakarki, ta ce tana nan wani waje, ba ta ko laluba ƙugunta ba.

Ta rasu bayan ambaliyar da kamar wata biyu, da rana, bayan gajeriyar rashin lafiya. Likita ya ce zuciya ce da tsufa, ba ni da dalilin musa masa.

Umma da Khala sun sake saɓawa, wannan karon a kaina. Umma ba ta taɓa faɗa min a fuska ba, amma na ji ta ta ce wa Khala jiran nan shi ke riƙe da tsohuwar, da aka cire shi sai ta saki. Khala kuwa ta same ni bayan addu'ar bakwai ta ce, "Ya waladi, ɗana, ka daina sunkuyar da kai. Shekara nawa tana ɗauke da yaron nan a baya? Kai ka sauke mata. Ta tafi ta san inda 'ya'yanta shida suke." Na gode mata. Ban ce mata Kaka ba ta san komai ba, abin da ta ɗauka sani kuskuren hannuna ne.

Jakar tana wajen Umma yanzu. Ba ta zazzage ta ranar Juma'a, amma ba ta yar ba. Sabon ɓawon da na tsinta yana cikin aljihun teburina a kwalbar magani, da 'yar takarda mai ɗauke da ranar da gaɓar da na same shi, yadda aka koya mana. Tun daga lokacin na fara koyon rubuta Hausa sosai, na kuma aika cigiya ta hannun mutum biyu masu zuwa Sudan da wani direba mai bin hanyar kudu. Abin da zan iya ba su kaɗan ne: namiji, ya haura sittin, wata mata mai akuya ta raine shi, mai yiwuwa an taɓa ganin wuri a wuyansa, mai yiwuwa bai san shi Bahaushe ba ne. Direban ya yi dariya ya ce rabin tsofaffin gaɓar ke nan. Har yau, shekara ta uku, ba wanda ya dawo da komai.

Na duba abin da na rubuta, na ga akwai abubuwan da na tabbatar: tsawon ɓawon, ranar da ya huje, hannun da ya huda shi. Wanda aka yi wa makoki kuwa ban tabbatar da komai a kansa ba, ko gefen tekun da aka bar shi. Ranar Larabar nan da hantsi, lokacin da allurar ta shiga, kawuna yana raye ko ya rasu?